Tsofaffin mujallun Amurka: sayar da shafin asali ya fi buga kwafi

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan gwanjo a New York ya rubuto cewa ya sayi kwali guda na mujallun Esquire da Life na shekarun 1940 da 1950. A cikinsu akwai tallan rigunan iyo na mata da zanen 'yan mata irin wanda Amurkawa ke liƙawa a bango. Tambayarsa: ya ɗauki hotonsu ya riƙa bugawa da yawa yana sayarwa ta intanet, ko ya sayar da abin da ke hannunsa?

Malam, ka ajiye maganar bugawa. Takardar ka saya, ba haƙƙin mallakar zanen ba. A dokar Amurka, abin da aka wallafa a wancan zamani yana iya zama ƙarƙashin kariya har shekara 95 daga fitowarsa, muddin an sabunta rajistarsa, kuma manyan mujallu ba su cika yin sakaci da wannan ba. Zanen Alberto Vargas da ya yi tashe a Esquire lokacin yaƙin duniya na biyu, da na George Petty, ba kayan da babu mai su ba ne. Haka ma tambarin Jantzen, kamfanin rigunan iyo, mai hoton mace cikin jar riga tana faɗawa ruwa. Ƙorafi ɗaya daga masu haƙƙi ya isa kasuwannin intanet irin su eBay ko Etsy su sauke kayanka, in abin ya maimaitu su rufe shagon, ka tashi a tutar babu.

Shafin asali kuwa naka ne, doka ta yarda ka sayar, kuma shi masu tara kayan tarihi ke nema. Amma kada ka yi gaggawar sa almakashi. Mujallar da take cikakkiya, bangonta lafiya, zanen tsakiya mai naɗewa bai yage ba, ka sayar da ita ɗungurungum. Wadda asu ya ci ko danshi ya taɓa, ita za ka farke ka zaɓi shafuka masu kyau. Kowane shafi ka sa shi a ledar adana takardu, ka tokare bayansa da kwali mai ƙarfi, ka nisanta shi da rana don launi na koɗewa. Kada ka manne shi da roba mai zafi, wannan kashe darajarsa yake yi nan take. Ka ɗauki hoton gaba da baya, domin rubutun da ke bayan shafin shi ne shaidar cewa daga mujalla ya fito. Ka rubuta sunan mujalla da wata da shekara, ka faɗi kowane tabo da lanƙwasa. Farashi kuma ka duba nawa aka sayar da irinsa a eBay, ba nawa wasu suka yi masa kuɗi ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma zan faɗa tsakani da Allah. Idan zuciyarka ba ta kwanta da cinikin hotunan mata masu ƙarancin sutura ba, kada ka tilasta mata. Sayar wa wani dillali waɗannan shafuka a dunƙule, ko ka bar su. Mujallun nan cike suke da tallan motocin Cadillac da Ford, da Coca-Cola, da jiragen Pan Am, da agoguna, kuma kowanne yana da masu nemansa. Ka fara da shafi ashirin, ka ga wane iri ne ke tafiya kafin ka ƙara sayen wani kwalin.