Jahannama, Gidan Wuta da Lahira: Amsoshin Wannan Mako

Wani mai karatu daga Jos ya ce fastonsu ya ambaci "jahannama" a wa'azi, sai wani dattijo ya ce kalmar Musulmi ce, Kirista "gidan wuta" yake cewa. Haka ne?

Dattijon nan, Allah ya ƙara masa girma, bai bi sawun kalmar ba. Mu dai daga Larabci muka aro ta, amma tushenta Ibrananci ne: Ge Hinnom, wato kwarin Hinnom da ke kudu da Urushalima, inda aka riƙa ƙona 'ya'ya hadaya ga gunki Molek har Sarki Yosiya ya ƙazantar da wurin don a daina (2 Sarakuna 23:10). Sunan kwarin ne ya zama Gehenna a Girkancin Sabon Alkawari. Sau 12 ta fito, 11 daga bakin Yesu, ɗaya a wasiƙar Yakubu. Wanda ya ce jahannama a kan bagade bai ari kayan wani addini ba. "Gidan wuta" kuwa Hausa ce tsantsa, tsohuwa a ƙauye ma ta gane. Duka biyun daidai ne.

In za a bi ta dattijon, sai a mayar da zunubi da tuba da addu'a da hukunci, duk daga Larabci suke. Me zai rage wa mai wa'azi? Tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ake amfani da irin waɗannan kalmomi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne samarin da ke riƙe makirufo a bakin kasuwa suna ta "helfaya, helfaya" (wato hellfire na Turanci), alhali masu sauraro Hausawa ne, kalmar kuma tana nan har kala biyu.

Wata baiwar Allah daga Wusasa: lahira ita ce wuta?

A'a, 'yar'uwa. Lahira ita ce can bayan mutuwa, da mai daɗin da marar daɗin. A labarin mai arziki da Li'azaru (Luka 16), dukansu biyu sun tafi lahira. Ɗaya ne kawai yake roƙon a ɗiga masa ruwa a harshe.

Wani ya ji an kawo "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa" a wa'azin hukunci. Ya dace?

Ya dace in gargaɗi ake nufi. Sai dai wutar karin maganar ta duniya ce, wadda ruwa ke kashewa, wadda Markus 9 ke faɗa kuwa ba ta mutuwa. Mai wa'azi ya san iyakar inda zai ja shi.

"Ɗan wuta" zagi ne?

Zagi ne, har da shiga hurumin Allah.