Amsa: dalilin godiyar mawaƙin nan ɗan ƙabilar Hmong

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa mawaƙin Hmong ɗin da ka kalla yake ta godiya har da hawaye don kawai ya dawo waƙa bayan shekaru da dainawa. Ni dai ban ga ya wuce gona da iri ba.

Mutanen Hmong, wata ƙabila ta tsaunukan kudu maso gabashin Asiya, sun sha wuya. A yaƙin Lawos, da yawansu sun mara wa Amurka baya ƙarƙashin Janar Vang Pao. Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a 1975, dubbai suka tsallake kogin Mekong zuwa sansanonin gudun hijira a Tailan, irin su Ban Vinai, daga baya aka kwashe su zuwa jihohin Amurka irin su Minnesota, Kalifoniya da Wisconsin. Sai a shekarun 1950 aka ƙirƙiro rubutun bokon da suke amfani da shi yau, don haka tarihinsu a baki yake, cikin waƙar gargajiya ta kwv txhiaj da busar qeej da ake raka mamaci da ita.

Ga kasuwar waƙarsu ƙarama. Masu sauraro 'yan'uwa ne, a bukukuwan sabuwar shekara kamar na birnin Fresno a Kalifoniya. Wanda ya ɓace, ba lallai a neme shi ba. Shi kuwa an neme shi, an sake ba shi dandali, wallahi abin ya taɓa ni.