Amsar ƙanenmu na Samaru kan jita 'yar maimaici da rikicin hannun tiremolo

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Saƙon nan zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya bari sai dare. Ƙanena na Samaru, na ga tambayarka da hotunan. Ga waɗanda ba su bi zancen ba, jita biyu aka kawo masa talla: ɗaya Fender ce 'yar Japan ta hannu, mai ita ya ce ri'ishu ce ta 1962, ɗayar kuma Squier Classic Vibe, wato ƙaramin tambarin Fender mai araha, sabuwa fil a kwali. Sannan wadda yake kaɗawa yanzu, da ya taɓa hannun tiremolo, wato ɗan sandan ƙarfen da ake dannawa sauti ya yi rawa, sai saiti ya watse, har yana tunanin sayen sabon birij gaba ɗaya, wato farantin ƙarfen da wayoyi ke zaune a kai a jikin jita.

To bari in fara da kalmar nan ri'ishu, tunda da ita ake tsuga mana kuɗi. Ma'anarta maimaici, shi ke nan. Leo Fender ya fito da Stratocaster, samfurin jitar da muke magana a kai, a 1954. A 1965 aka sayar da kamfanin Fender ga CBS, wani kamfanin watsa labarai na Amurka, daga baya makaɗa suka fara ƙorafin cewa aikin ya ja baya, kowa ya koma neman tsofaffin. Su kuma Japanawa irin su Tokai da Greco suka riƙa kwaikwayon tsofaffin nan da kyau, kuma da araha. Da Fender ta ga ana cin kasuwarta, a 1982 ta buɗe reshe a Japan, masana'antar FujiGen ce ta riƙa ƙera mata, a shekarar kuma ta fito da nata maimaicin a Amurka, samfurin 1957 da na 1962. Ka ga ke nan jitar da aka nuna maka ba a 1962 aka yi ta ba, kamanninta aka ɗauko. Ta 57 fuskar wuyanta farin katako ne, ta 62 kuma katako mai duhu aka shimfiɗa.

Abin da mai talla ba zai gaya maka ba shi ne, idan an maimaita abu, har da aibinsa ake maimaitawa. Fuskar wuyan 'yar Japan ɗin nan ta fi lanƙwasa, ma'auninta inci 7.25, na Squier 9.5, ƙaramar lamba ita ce mai yawan lanƙwasa. Wajen kama kod akwai daɗi a hannu, amma in kana son wayoyi su kwanta ƙasa sosai kuma kana yawan jan waya sama, sai ka ji sauti ya shaƙe a tsakiyar ja. Firet ɗinta ma, wato ƙarafan nan da aka jera a fuskar wuya, sirara ne, in an daɗe ana kaɗa ta za ka ga sun yi rami a wajen kod ɗin farko. Sai babbar wahalar: notin da ake miƙar da wuya da shi yana can gindin wuyan, inda ya haɗu da bodi. Mu nan Zariya sau biyu a shekara katako yake motsi, da hunturu ya bushe ya tsuke har bakin firet ya riƙa yankar yatsa, da damina ya sha laima ya dawo. Duk sanda za ka gyara sai ka sassauta wayoyi ka kwance wuya. Na Squier yana sama wajen kai, ka zura alanki ka juya, an gama.

Kada a ce na kushe 'yar Japan. Wallahi aikin katakonsu da haɗin wuyansu abin yabo ne, kuma in ka tashi sayarwa ta fi riƙe daraja. Sai dai hawa-hawa ne, akwai na sama akwai na ƙasa, duk da suna ɗaya. Ka ce mai ita ya bari a cire wuya ka ga hatimin da aka buga a gindi, don tambarin da ke kai kowa ma yana iya mannawa. Ka buɗe murfin baya ka ɗora maganaɗisu a kan dunƙulen ƙarfen da sifirin suka maƙale a jiki. In ya kama, ƙarfe ne na gaske. In bai kama ba, yawanci zink ne na zubi, mai taushi, wanda tiredinsa, wato zanen cikin ramin da ake murɗa hannu, ke saurin cinyewa. In ya ƙi yarda a buɗe, ka yi masa godiya ka ɗauki Squier. Ni da a ce jita ɗaya zan mallaka, wadda zan goya a mashin yau Sabon Gari gobe Wusasa jibi wajen biki, Squier zan ɗauka, canjin in sayi wayoyi da jaka mai kauri.

Yauwa, mu zo kan ainihin ciwon. Kada ka sayi birij tukuna, don Allah. Ka fara gane yadda abin yake aiki. Birij shi ne abin da masu garaya da goge ke kira jaki, sai dai wannan jakin ba a kafe yake ba, sikeli ne. Wayoyi shida masu lamba 10 zuwa 46 suna ja ta gaba da nauyin da ya kai kilo 45, kusan buhun siminti ke nan. Ta baya kuma sifirin uku, wani lokaci biyar, suna ja. In ka danna hannu ka saki, dole komai ya koma daidai inda ya taso. Duk inda aka samu wani abu ya cije ko kaɗan ne, saiti ya tafi. Kuma a jitocin da suka biyo ta hannuna, mafi yawa ba a birij cizon yake ba, a can sama yake, wajen farin ƙashin nan mai tsaga shida da wayoyi ke bi kafin su isa makunnai.

Ga gwaji. Ka saita waya ta uku, wato G, ita ce uwar rigima. Ka danna hannu ka saki, ka duba tuna, na'urar saitin sauti. In ta hau sama, to ka ɗan ja wayar da yatsa. In ta dawo daidai, ƙashin ne ya riƙe ta. Wata alamar, kana murɗa makunni sai ka ji ƙis, sauti ya yi tsalle. Maganin farko fensir ne, na 'yan makaranta. Ka ɗaga wayar ka goga bakin fensir cikin tsagar har ta yi baƙi, ka shafa kaɗan a ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ke danne wayoyi biyun ƙasa. In ka ƙara kaurin waya ne, misali daga 9 ka koma 10, tsagar ta yi mata kaɗan, sai a faɗaɗa gefe da sanfefa mai laushi. Gefe na ce fa, ban da zurfi, in ka zurfafa waya za ta kwanta kan firet ta riƙa zuu. Naɗin waya ma zagaye biyu zuwa uku ya isa. Na ga hotonka, ka naɗa ta kamar zaren lilo.

Sai sukurori shidan da ke gaban farantin birij. A nan mutanenmu ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya, a ga sukuru bai zauna ba a ɗauko sukundireba a ɗaure tam. Ba ɗaurewa ake yi ba, a jikinsu farantin yake lilo. Ka sassauta wayoyi, ka ɗaga dukkan sukurori shidan. Ka sauke na bakin nan biyu a hankali har kan sukuru ya taɓa faranti, da ka ga bayan farantin ya fara ɗagawa ka koma baya kaɗan har ya kwanta. Huɗun tsakiya ka bar su sama da kamar milimita ɗaya da rabi. Ɗigon man keken ɗinki a ƙarƙashin kowanne.

Daga nan ka juya bayan jitar. Akwai ƙarfe mai ƙugiyoyi da sifirin suka maƙale a jiki, da dogayen sukurori biyu da ake ɗaure sifirin ko sassauta su da su. In kana son birij ya yi shawagi, ka iya dannawa ka iya ja, ka bar tazarar kamar milimita 3 tsakanin bayan faranti da bodi. Rabin juyi, ka sake saiti, ka duba, haka haka, abin na son haƙuri. Amma ka sani, ranar da waya ɗaya ta tsinke kana tsakiyar kiɗa, sauran biyar duk za su kauce. Shi ya sa nake ba masu aikin biki da na coci shawara su ɗaure sifirin har faranti ya kwanta a bodi, dannawa kawai. In ma ba ka amfani da hannun sam, ka sassaƙa guntun katako ka cusa tsakanin dunƙulen da bodi. Shahararren makaɗin jitar nan Eric Clapton haka yake yi wa nasa, ba abin kunya ba ne.

Hannun kansa, a nan ni na sha tawa. Wata shekara aka kawo min jita 'yar Amurka ba hannu, na ɗauko wani a akwatina na murɗa. Ya shiga zagaye uku lafiya, sai ya cije. Na ce tsatsa ce, na ƙara ƙarfi, sai ji na yi ɗas, rabi a hannuna rabi a cikin rami. Ashe tiredin Amurka na inci ne, 10-32, nawa kuwa na milimita 5 ne, a ido kamar tagwaye. Sai da na kai dunƙulen wajen masu injin ƙarfe aka huda aka zaro guntun. To in hannu ya cije, ka tsaya. In kuma lako-lako yake yi, ka naɗa masa farin tef na masu gyaran famfo. Wasu jitocin akwai ɗan ƙaramin sifirin a cikin ramin, in ka cire hannu ka liƙe bakin da tef, in ba haka ba ranar da ka kifa ta ya faɗi, ba ka ƙara ganinsa.

Ɗan'uwan da ya yi tambaya kan matsalar birij ɗin Jazzmaster, wani samfurin jitar Fender, shekaranjiya, taka daban ce: wayoyi na tsalle daga mazauninsu saboda ba su danne birij sosai. Ka koma waya mai lamba 11, a sa 'yar siririyar takarda mai kauri a gindin wuya ta ɓangaren bodi don a samu ɗaga birij, ƙananan sukurorin da ke kwancewa kuma ka ɗiga musu jan farce marar kala. Ka roƙi uwargida, kada ka ɗauka a ɓoye.

In duk an yi wannan ya zama dole sai sabon birij, ka auna kafin ka tura kuɗi Legas. Daga tsakiyar sukurun farko zuwa na shida, tsohon samfurin Amurka milimita 56 ne, yawancin Squier kuwa 52 da rabi. Na taɓa ganin wanda ya yi oda bai auna ba, kaya suka iso ramuka ba su hau ba, mai sayarwa kuma ya daina ɗaga waya.

An kira sallah, bari in tsaya nan. Ƙanena, Asabar bayan la'asar ina shago, ka zo da ita da sabon saitin wayoyi, kada ka sa su tukuna. In mai 'yar Japan ɗin zai yarda ya biyo ka, ku taho tare, maganaɗisu yana nan.