Amsa ga matashin likita kan ɗaukar ma'aikacin tsaftar baki

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa wasu manyan likitocin haƙori ke ɗari-ɗari da ɗaukar ma'aikatan tsaftar baki, waɗanda ke wankin haƙori da kula da dasashi, kuma kana son sanin ko ya dace a ƙara musu aiki. Ra'ayina shi ne ka ɗauke su da zarar asibitinka ya samu hali, kuma ka sakar musu duk aikin da aka horar da su a kansa.

Likita ne ma ya assasa wannan sana'a. Alfred Fones na garin Bridgeport a jihar Connecticut ta Amurka ya lura cewa lokacinsa yana ƙarewa wajen cire haƙoran da tsafta kaɗai za ta iya ceto su, sai ya koya wa mataimakiyarsa Irene Newman wankin haƙori, sannan ya buɗe makarantar farko ta wannan fanni a 1913. Tun daga lokacin, kusan duk sa'ad da aka zo faɗaɗa aikinsu sai an yi ja-in-ja. A Birtaniya, sai a watan Mayun 2013 aka yarda majinyaci ya je wurinsu kai tsaye ba tare da ya fara ganin likita ba, kuma ƙungiyar likitocin haƙori ta ƙasar ba ta yi na'am da matakin ba.

Hujjar masu adawa kashi biyu ce, kuma bai kamata ka auna su da mudu ɗaya ba. Ta farko, wadda ba a cika furta ta a fili ba, tsoron raguwar kuɗin shiga ce, domin wankin haƙori aiki ne mai kawo kuɗi a kai a kai. Wannan ba ta da ƙarfi a wurina, saboda sa'ar da ka ɓata kana kankare dattin da ya daskare a gindin haƙori ita ce sa'ar da mai kumburin muƙamuƙi ke zaune a benci yana jiranka, alhali kai kaɗai ne za ka iya yi masa aiki. Hujja ta biyu kuwa tana da nauyi, wato batun gano cuta. Jinin da ke fita daga dasashi yana iya zama alamar ciwon sukari da ba a shawo kansa ba, gyambon da ya wuce mako biyu a gefen harshe bai warke ba kuma yana iya zama farkon ciwon daji. Wanda ya wanke haƙori ya sallami irin wannan majinyaci ya cutar da shi, ko da wankin ya yi kyau.

Maganin wannan shi ne tsari. Ka zauna da ma'aikacinka ku rubuta alamomin da dole ya turo maka majinyaci idan ya gan su, ka riƙa duba bayanan da yake rubutawa, kuma kada ka nuna masa ɓacin rai idan ya turo wanda ba shi da wata matsala, domin ranar da ya fara jin nauyin ƙwanƙwasa ƙofarka, ranar ce za a fara samun kuskure.

A Najeriya, ma'aikatan jinyar haƙori ne ke riƙe da wannan aiki, kuma suna da hukumar rajistarsu da aka kafa a 1993, dabam da majalisar da ke yi mana rajista. Kafin ka ɗauki kowa, ka nemi shaidar rajistarsa da lasisinsa na shekarar. A ƙasar da likitocin haƙori suka taru a manyan birane, har ake da asibiti sukutum a Sakkwato domin cutar noma mai cin fuskar yara, wadda ke somawa daga ciwon dasashi, ina ganin hana waɗannan ma'aikata zuwa makarantu da asibitocin karkara su duba bakin yara asara ce babba. Sai dai kafin ka tura ma'aikacinka ƙauye, ka tabbatar ya san asibitin da zai miƙa yaron da ciwonsa ya fi ƙarfinsa, kuma yana da lambar da zai same ka.