Zaren Gilashi Ɗaya Ba Ya Yin Kowane Zafi

Kai yaro, ka ce wai ragowar zaren faiba na intanet zai auna zafi tun daga ɗakin sanyi har cikin tanda? Da wannan tunanin ake ƙona dukiyar mutane.

Gilashin ba ya jin tsoron wuta, rigarsa ce ke mutuwa. Rigar roba ta zaren intanet iyakarta digiri 85 na Salsiyas. Ta polimid, wata roba mai jure zafi, tana kai 300, ta zinariya 700. In aiki ya haura 1000, sai zaren safaya, wanda ya fi gilashi jure wuta. Haka shi ma zanen FBG, ƴan layukan da ke cikin zaren masu mayar da hasken da ake auna zafi da shi: na gama-gari yana fara gogewa bayan 300.

Ga inda ƴan kwangila ke cutar mu. Mutum zai zo da zare mai araha, ya rantse maka na zafi ne. Ka shimfiɗa, ka gwada, komai lafiya. Bayan ƴan makonni riga ta ƙone, gilashin da kaurinsa mikiron 125 ne kawai ya tsaya tsirara, jijjiga kaɗan ya karye. Shi ya riga ya karɓi kuɗinsa, kai ne za a kira maha'inci daga Maradi har Jibiya, kuma daga aljihunka za ka sake aikin. Kada ka taɓa zaren da ba ka ga takardarsa da idonka ba.

Sai ɗauri. A haske mai nanomita 1550, kowane digiri yana gusar da karatu, wato tsawon zangon hasken da zanen ke mayarwa, da kusan pikomita 10, amma jan zaren ma yana gusar da shi. Ka manna shi a jikin ƙarfe gaba da baya, ƙarfe ya ji zafi ya miƙe, karatu ya ninka har ya wuce. Saka shi sako-sako cikin siririn bututu, ka kama baki ɗaya kawai. Lanƙwasa kada ta matse har rabin faɗin da'irarta ya yi ƙasa da milimita 30.

Yanka da haɗi ba zan koya maka ba, ka dai goge da alkol, ƙurar hunturu ba ta yafiya.

Ku yaran yanzu kuna gaskata allo kamar wahayi. Gwada da ruwan ƙanƙara, sannan tafasasshe, wanda a nan garin yake tsayawa wajen 99, ba 100 ba. Maki biyu, ƙanƙara da tafasa, ba su isa faɗin zafi irin wannan ba, don amsar zaren tana raguwa a cikin sanyi. Ɗauki maki biyar ko shida gefe da ma'aunin da ka amince da shi, ka rubuta a littafi ka kawo mini.