Tambayoyinku: Ƙarar Kwana da Rigar Kowa

Wani mai karatu daga Jega ya tambaya: Malam, me ya sa ake cewa "ƙarar kwana" idan mutum ya rasu farat ɗaya?

Saboda Bahaushe da kwana yake lissafa rai. Wanda ya tsira daga kifewar kwalekwale a Yawuri, sai a ce yana da sauran kwana, ko sauran shan ruwa a gaba. Abin da ake lissafawa kuwa shi ne mai daraja, don babu mai zama ya ƙirga yashin gulbi.

Wata malamar makaranta daga Gusau ta ce: shin "mutuwa rigar kowa" ba magana ce mai kashe gwiwa ba?

Malama, karin maganar ba ta da laifi, masu ɗora ta inda ba ta hau ba su ne da laifi. Za ki ga direba ya yi lodin da ya wuce kima, tayoyinsa sun suɗe, fasinja ya roƙe shi ya rage gudu, sai ya kada baki ya ce ai mutuwa rigar kowa ce. Wannan ganganci ne aka naɗa wa rawani, kuma magabata ba su gadar mana da maganar don a fake da ita ba. Gurbinta biyu ne: wurin ta'aziyya, don a sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, da kuma gaban wanda mulki ko dukiya suka ruɗa. Ki lura da zaɓen "riga", domin da tufa ake bambanta mutane, sarki da alkyabba, manomi da 'yar shara, amma likkafani fari ne ga kowa, kuma ba a yi masa aljihu. Wanda ya fahimci haka ba ya sake jiki, sai dai ya gaggauta biyan bashi da sada zumunci tun yana da iko.

'Yar'uwar wannan karin magana ita ce "sarki goma, zamani goma", kuma mu a ƙasar Kabi ba sai an yi mana dogon sharhi ba. Sarkin Kabi Muhammadu Kanta ya gina birnin Surame a ƙarni na 16 da ganuwar duwatsu, yau birnin kufai ne. Sarauta ta koma Birnin Kabi, masu jihadi suka ci garin a 1805, daga bisani Kabawa suka kafu a Argungu, inda gidan tarihi ke ɗauke da sunan Kanta har yanzu. Ganuwa ba ta tsare masa zamaninsa ba, abin da ya aikata a cikin kwanakinsa ne ya sa ake ambatonsa. Ina mamakin matasan da ke jefa wannan karin magana don yi wa wanda ya faɗi zaɓe dariya kawai, alhali wanda ya hau kujerar ta fi yi wa gargaɗi.

Daga Zuru an tambayi bambancin "rasu" da "mutu".

Mutum ke rasuwa, dabba da fitila da aure su mutu. Ana iya cewa mutum ya mutu, amma a sanarwar rediyo ko gaban iyalansa rashin ladabi ne, kuma ina jin masu karanta labarai suna sakaci da wannan.

Wani ɗalibi daga Talata Mafara yana son asalin "kwanta dama".

Daga kabari aka samo ta, inda ake kwantar da mamaci a kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla.