Kafin ka ci bashin kyamara, zo mu lissafa kuɗin zanenka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai zane ne a unguwar Bukoki, nan Yamai. Ina ɗaukar hotunan biki da suna, ina zana fuskar mutum da fensir, kuma ina tsara labari cikin zane-zane. Bara wata ƙungiya ta biya ni jika 150 na yi mata shafi 12 a kan wanke hannu, kowane shafi ya ci mini kwana uku. Ba mu rubuta komai ba. Yanzu ina ganin zanen a jikin riguna da alluna har Dosso, babu ko sunana. Aiki ba ya yanke mini, amma wata na ƙarewa aljihu wayam. Ina so in ci bashin jika 600 in sayi sabuwar kyamara. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka dakata da maganar bashin nan tukuna. Wanda aiki ba ya yanke masa kuma ba ya ganin kuɗi, matsalarsa tana wajen farashi, sabuwar kyamara kuwa ba za ta gyara farashi ba.

Ɗauko alƙalami mu duba aikin ƙungiyar. Shafi 12, kowane kwana uku, kwana 36 ke nan. Raba jika 150 gida 36, za ka samu jika huɗu da ƴan kai a wuni. Cikinsu za ka fitar da takarda da tawada da kuɗin intanet da wuta da man babur na kai-komon kai gyara. Abin da ya rage shi ne ladan idonka da bayanka da shekarun da ka yi kana koyo. Daga yau kada ka yanka wa kowa kuɗi a tsaye. Ka san abin da gidanka ke ci a wata, ka raba shi da ranakun da kake aiki, ka ɗora kuɗin kayan aiki da ɗan abin da za ka riƙa warewa saboda tsufan na'ura. Wannan ne kuɗin wuninka, ƙasa da shi asara ce ko da an biya ka lakadan. Ka kuma faɗa tun farko cewa gyara sau biyu ne cikin kuɗin, na uku da nasa lissafi.

Amma abin da ya fi ci mini rai a wasiƙarka shi ne rigunan nan. Mai zane abu biyu yake sayarwa: wahalar yin zanen, da iznin amfani da shi. Kai na farko kaɗai ka karɓi kuɗinsa. Zane kamar gona yake, ana iya ba da hayarta damina ɗaya, ana iya sayar da ita ɗungurungum, kuma kuɗin biyun ba ɗaya ba ne. A doka, haƙƙin zane na wanda ya zana ne tun daga ranar da ya yi shi, kuma Nijar tana da ofishin kare haƙƙin masu fasaha, wato BNDA, a nan Yamai. Je ka yi rajista, ka ajiye kwafin ayyukanka, ka nuna musu wannan magana su gaya maka matsayinka. Ka adana zanen fensir na farko da saƙonnin WhatsApp da kuka yi, su ne shaidarka.

Ita ƙungiyar, ban ba ka shawarar ka tona ta a Facebook ba. Sau da yawa jami'in da ya kai zanen wajen masu buga riga bai san akwai haƙƙi a kai ba. Shirya ka je ofishinsu cikin mutunci, ka ce ka ji daɗin yadda aikin ya karɓu, kana roƙon a sa sunanka a bugu na gaba, a kuma zauna a kan kuɗin riguna da alluna. Nan gaba kuwa, ko shafi ɗaya ne, a rubuta: za a yi amfani da zanen a littafi ne ko allo ko riga, kwafi nawa, a wace ƙasa, har tsawon wane lokaci. In sun ce duka suke so har abada, babu laifi, sai kuɗin ya ninka. Kuma rabin kuɗi kafin alƙalami, daga ƙungiya har uwar amarya. Masu biki sun fi kowa saurin mantuwa in an watse.

Irin waɗannan ƙungiyoyi sun fi sakin kuɗi mai kauri ga wanda ke da takardu. Ka leƙa Maison de l'Entreprise ka yi rajistar kasuwanci, ka samu lambar haraji ta NIF, don ka iya rubuta takardar neman biya da sunanka maimakon ka raɓa da na wani ya yanki kasonsa.

Hotunan biki kuma kada ka raina su, na san zuciyarka tana wajen labarin zane. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya yi suna da fim ɗin zane tun shekarun 1960, otel yake riƙe da shi a Tawa yana kuma aikin fasaharsa a ciki. Bikin ne zai ciyar da zanen. Ka kuma riƙa adana asalin hotunan wuri biyu, kada ka bar su a katin kyamara kaɗai. Marigayi Malick Sidibé na Bamako hotunan shagalin matasa yake ɗauka, ya adana asalin hotunansa, a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a Venis ta Italiya. Sai dai a kula, hoton matar mutane amana ne, ba a sa shi talla sai da yardarta da ta gidansu.

Mu dawo kan kyamara. Bashi kowane wata ake biyansa, biki kuwa da lokacinsa: ana rububin ɗaurin aure kafin azumi da bayan kaka, cikin azumi kasuwar ta kwanta sai hotunan salla. Saboda haka sayi littafin rubutu guda, ka raba shi uku, hoto da zanen fuska da labarin zane, ka rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita har wata uku. A bayan littafin ka riƙa rubuta duk aikin da ya kuɓuce maka don kyamararka ta gaza, da kuɗinsa. Kafin nan, in babban biki ya samu, yi hayar kyamara wajen abokin sana'a ka sa kuɗin hayar cikin farashi.

In wata ukun sun cika ka ga ayyukan da suka kuɓuce za su iya biyan kason bashin har a watan da babu biki, to sayen ya halatta, kuma ko a nan na fi son ka shiga adashi ka haɗa rabin kuɗin, ka nemi ta hannu mai lafiya wadda ka gwada da kanka. In ba su kai ba, jika 600 ɗin ba ta kyamara ba ce tukuna. Turo mini lissafin kashi ukun idan ka kammala, mu ga wanne ne ke ɗauke da gidan, wanne ne ke cin kuɗin sauran.